Keken Ɗaka da Keken Burji: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Raba Hanya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da Finis ko baƙin Rali ya san wannan wasan. Maigida ya dawo daga gona, ya kafe keken a zaure a kan jak ɗinsa mai ƙafa biyu, tayar baya ta ɗaga daga ƙasa, ya shige cikin gida. Kafin ya gama alwala yara sun ɗare. Babbansu yana kan sirdi, ƙafarsa da kyar take kaiwa feda, ƙaramin yana tsugune yana taya shi juyawa da hannu, taya tana ta wulwulawa har wayoyinta su ɓace wa ido. Sai an jiyo murya daga tsakar gida: "Kai, ku sauka kada ku zubar mini da kaca!"

Yaron zai iya shafe rabin sa'a a haka ko gumi bai yi ba, domin babu abin da yake turewa. Ba ƙasa a ƙarƙashin taya, ba iska a ƙirjinsa, ba nauyin jikinsa da zai ja. Sana'ar ƙera keken motsa jiki, wadda a yau ta zama babbar kasuwa, ba komai ba ce illa ƙoƙarin mayar wa wannan tayar abin da jak ya raba ta da shi. Na da can ana matse musu faifan ƙarfe ne da wani ƙyalle mai kauri, a murɗa maɓalli feda ta yi nauyi. Daga baya aka koma maganaɗisu. Na zamanin nan kuwa ana cire tayar baya ta keken tsere gaba ɗaya, a ɗora kacar a kan wata na'ura mai magana da waya ko kwamfuta. Idan hoton da ke kan allo ya nuna tudu, na'urar ta ƙara nauyi da kanta. Idan gangara ce ta sassauta.

Manhajar da ta fi suna a wannan fage ita ce Zwift, wadda ta fito a 2014. Mutum yana cikin ɗakinsa yana feda, ɗan hotonsa yana gudu a allo tare da na wasu dubbai daga ƙasashe daban-daban. A 2020, da annobar korona ta kulle duniya, har tseren Tour de France sai da aka yi kwaikwayonsa a cikinta a watan Yuli, kuma a Disambar shekarar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta masu feda a ɗaka. Tun daga nan gardama ba ta kwanta ba tsakanin masu cewa atisayen ɗaka daidai yake da na hanya da masu cewa wasan yara ne.

Wannan gardama ta Turawa ce, kuma sanyi ne ya haife ta. Mutumin Beljiyam ko Kanada yana shiga ɗaki da kekensa ne don ƙanƙara ta rufe hanya kuma rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Idan aka ɗauko ta aka ajiye a Karaye da Rogo, wasu amsoshin suna nan yadda suke, wasu kuwa sai su juya kansu ƙasa.

Ƙasar da keke bai taɓa barinta ba

Karaye da Rogo suna can yammacin jihar Kano, kuma tun Yulin 2024 su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye. A Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda kamfanin Julius Berger ya kammala a 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, bangonta kusan kilomita 8. A nan kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kusalla yake. Rogo ita ce ta kusurwa, ta jingina da Katsina ta gefe guda, da Kaduna ta ɗayan. Tsakanin manyan garuruwan akwai kwalta, amma da zarar ka ratse zuwa ƙauyukan da ke bayan Zarewa, Fulatan, Beli, Ruwan Bago, Yammedi ko Tudun Kaya, sai burji da jar ƙasa da turbar da ƙafa da taya suka fitar.

Babur ya ci kasuwar keke a nan kamar ko'ina a Arewa, amma bai kashe shi ba. Tun kuwa da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka daɗe a jingine a bayan rumbu suka sake ganin mai faci. A shekarun 1970 kamfanin Raleigh har masana'anta yake da ita a Kano, kuma dattawa ba su manta lokacin da sabon Rali yake nuna cewa mutum ya sayar da gyaɗa da daraja ba.

Babu wanda yake kiran abin da mutanen nan suke yi atisaye. Amma bari mu yi lissafi irin na 'yan tsere, waɗanda suke auna ƙarfin ƙafa da wat, ma'aunin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Ɗauki magidanci mai nauyin kilo 65, a kan keken ƙarfe mai kilo 20, ya ɗaure buhun masara mai kilo 100 a kariya. Jimla kilo 185. Yana hawa ɗan tudun da ke tashi mita 3 a kowace mita 100, da gudun kilomita 8 a sa'a, wato bai fi saurin mai sassarfa ba. Ɗaga wannan nauyin kaɗai yana cin kusan wat 120. Gogayyar taya da tsakuwar burji za ta iya ƙara wasu 80. Ga wat 200 nan, babu giya, babu takalmin tsere, silifas ne a ƙafarsa. A riƙe wannan adadin, za a sake cin karo da shi.

Abin da ɗaki yake iya yi

A ƙarshen Fabrairun 2016, wani ɗan tseren Ostareliya mai suna Mathew Hayman ya faɗi a wata gasa a Beljiyam ya karye a hannu. Saura mako shida a yi Paris–Roubaix, tseren yini guda mai tsawon fiye da kilomita 250, wanda fiye da 50 daga ciki a kan tsofaffin hanyoyin da aka jera wa duwatsu ake yin su, inda keke ke girgiza har hannu ya yi ƙanta. Kowa ya cire shi daga lissafi. Shi kuwa ya kafa kekensa a garejin gidansa, ya ɗora karyayyen hannun a kan tsani, ya dinga feda a Zwift safe da yamma. Ranar 10 ga Afrilu ya shiga tseren, ya kuma cinye shi, inda a mitocin ƙarshe ya tsere wa Tom Boonen, wanda ya taɓa lashe gasar sau huɗu.

Masu sayar da na'urorin nan ba su da labarin da suke so kamar wannan, kuma suna da gaskiyarsu. Zuciya da huhu da tsokar cinya ba su san ko a ɗaka suke ko a hanyar Makarfi ba. Abin da suka sani shi ne nawa aka nema daga gare su, kuma na tsawon wane lokaci. Ta wani ɓangaren ma ɗakin ya fi tsari. A hanya mutum yakan saki feda a gangara, ya tsaya wa garken shanu, ya rage gudu don ya gaisa da surukinsa. Idan aka tara waɗannan, wani yanki mai kauri na tafiyar hutu ne. A ɗaka babu gangarar da za ta ɗauke ka. Idan mai horarwa ya ce a yi minti biyar da ƙarfi, a huta uku, a maimaita sau biyar, haka za a yi ba ragi. Shi ya sa sa'a guda a ɗaka takan fi sa'a guda a hanya cika.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba game da Hayman. Shekararsa 37 a lokacin, kuma wannan ne karo na 15 da ya shiga Paris–Roubaix. Ya san kowace kwana, ya san gefen da duwatsun suka fi laushi, ya san lokacin da ake laɓewa a bayan wani da lokacin da ake fitowa. Garejin ya riƙe masa numfashi ne kawai. Sauran da ma yana da abinsa.

Iska

A 2014 masu bincike a Jami'ar Nebraska da ke Omaha, a Amurka, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa mahaya 12 su yi tafiyar kilomita 40 sau biyu, ɗaya a ɗakin gwaji, ɗaya a waje, aka ce kowa ya yi da irin ƙoƙarin da ya saba. A waje matsakaicin ƙarfinsu ya kai wat 208. A ɗaka wat 163. Da aka tambaye su yadda suka ji wahalar, kusan amsa ɗaya suka bayar. Ma'ana, da wahala iri ɗaya, mutum yana fitar da aiki mafi yawa a waje. (Kuma ga mai buhun masaran nan namu, da silifas ɗinsa, yana kafaɗa da kafaɗa da su, ko da yake shi na 'yan mintuna yake yi kafin tudun ya ƙare.)

Dalilan wannan tazara suna da yawa. Akwai gundura: ido a bango, ba abin kallo, kowane minti ana jin sa. Akwai yadda feda take juyawa. A hanya, nauyin mutum da na keke suna tafe da ƙarfinsu, su ne suke tsallakar da ƙafa wurin da ba ta da ƙarfi, wato lokacin da feda ɗaya take can sama ɗaya can ƙasa. Keken ɗaka mai ƙaramin faifai ba shi da wannan, sai ƙafa ta dinga jin kamar kullum a tudu take. Akwai kuma zama wuri guda: a hanya keke yana karkata dama da hagu, mahayi yana miƙewa yana zama, nauyi yana yawo tsakanin tsokoki, a ɗaka kuwa wuri ɗaya ne yake ɗaukar komai, shi ya sa mazaunai suke saurin ciwo.

Amma babban dalili, wanda mu ya fi shafa, zafi ne.

Jikin ɗan Adam ba injin kirki ba ne. Cikin ƙarfin da yake ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai yake isa feda. Ragowar zafi yake zama. Mai fitar da wat 200 yana dafa kansa da kusan wat 700, wato ya kusa kamo dutsen guga na lantarki, kuma a cikin cikinsa aka kunna shi. Hanyar fitar da wannan zafi ita ce gumi, amma ba zubar gumin ce take sanyaya jiki ba, bushewarsa ce a kan fata. Lita guda ta gumi idan ta bushe tana tafiya da kusan adadin zafin da wancan mahayin zai tara a sa'a guda. Wanda ya ɗiga ƙasa kuwa asara ce: ruwa ya fita, zafi yana nan.

Mai tafiya a hanya da gudun kilomita 20 ko 30 a sa'a yana cikin iskar da ke busar da shi daga goshi har ƙwauri. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya taso daga ƙauyen Turawa zuwa Karaye da rana ba ya sanin ya yi gumi sai ya tsaya, a lokacin ne rigar take jiƙewa sharkaf. Mai feda a ɗaka kuwa tun daga minti na farko a tsaye yake. Iskar da ke kewaye da fatarsa tana cika da danshi ta tsaya cak. Jiki sai ya tura jini mai yawa zuwa fata don neman sanyi, tsoka ta samu ragi, zuciya ta ƙara bugu don cike giɓin. Mutum zai ga bugun zuciyarsa yana ta hawa alhali bai ƙara komai a feda ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Cape Town, cikinsu har da Tim Noakes, sun gwada wannan a ɗaki mai zafin digiri 33. Waɗanda aka bari ba iska jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi kuma sun fi saurin sarewa; da aka hura musu iska mai gudun da ya yi daidai da na tafiyar keke, abin ya sauya.

To, digiri 33 ɗin da su suka kira ɗaki mai zafi, a Rogo cikin watan Afrilu wannan sassauci ne. Zafin rana yakan kai 40, ɗakin bulo mai rufin kwano kuma yana riƙe da shi har bayan isha'i. Baturen da ke cewa ɗaki ya fi masa daɗi yana magana ne a kan gareji mai sanyin digiri 10, da manyan fankoki biyu a gabansa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya kwafi tsarin atisayensa daga intanet ya shiga ɗakin kwano da azahar ya rufe ƙofa, ba ƙarfi yake nema ba, asibiti yake nema. Jiri, ciwon kai, tsigar jiki tana tashi a cikin zafi, magana tana sarƙewa: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sauka nan take, ya nemi inuwa da ruwa.

Ni a ganina, a wannan yanki fanka ta fi keken muhimmanci. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi keke da fanka mai caji ba, ya fitar da keken tsakar gida ko ƙarƙashin darbejiya bayan sallar asuba. Tsohon zaure na ƙasa mai rufin azara da ƙofa biyu ya fi sabon falo dacewa da wannan aiki. Da hunturu abin da sauƙi, don iska a bushe take ƙayau, gumi ba ya daɗewa a fata. A watan Agusta kuwa, ko da gari ya yi sanyi, danshi yana hana shi bushewa, sai ka ga ƙasan keken ya yi tafki. Gishirin wannan gumi yana cin ƙarfe. Keken da ake hawa a ɗaka ba a goge shi, wuyansa da kusoshinsa ne suke fara tsatsa.

Wani abin dariya shi ne, wannan zafin da muke gudu yanzu nemansa manyan 'yan tsere suke yi. A 2010 wani bincike a Jami'ar Oregon ya nuna cewa mahayan da suka yi kwana 10 suna atisaye mai sauƙi a zafin digiri 40 sun ƙara ƙwazo da kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin 100, ba a zafi kaɗai ba, har a sanyi, saboda ruwan jininsu ya ƙaru. Yau za ka ga ɗan tseren Turai ya sa rigar sanyi ya kashe fanka da gangan. Bambancin shi ne su da likita a gefe da ma'aunin zafin jiki, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Manomin ƙauyen Kurugu kuwa tun yana yaro jikinsa ya gama wannan karatun.

Yashi ba ya cikin allo

Akwai wurin da duk mai bin hanyoyin ƙauye ya sani: inda turba ta gangara ta ratsa busasshen rafi. Baƙo yana ganin yashi sai ya ƙanƙame kan keke ya damƙi birki. Tayar gaba ta nutse, ta karkace, sai ga shi a ƙasa. Ɗan gari kuwa tun daga nesa yake ƙara gudu. Yana isa sai ya ja mazaunansa baya a kan sirdi don gaba ta yi sauƙi, ya sassauta riƙo ya bar kan keken ya ɗan yi rawarsa, idonsa a can ƙetare ba a kan taya ba, ƙafarsa kuma ba ta daina juyawa ko da daƙiƙa ɗaya. Idan akwai sawun wanda ya riga shi, a ciki zai bi. Idan da kaya a baya, ya san daidai inda zai diro ya tura tun kafin keken ya yanke masa hukunci. Da yawansu ma ba sa cika taya da iska tam a lokacin rani, don tayar da ta ɗan yi laushi ta fi yawo a kan yashi. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Faɗuwa ce ta koya masa.

Haka gargada, inda ake ɗan ɗaga jiki daga sirdi a bar gwiwa ta sha girgizar. Haka laka ta damina da ke cushewa tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi. Haka sanin gefen hanyar da tsidau ya yi yawa, da karanta kunnen saniya don gane ko za ta tsallaka, da jin ƙarar babbar mota a baya a san ko direban ya gan ka. Na'urorin zamani mafiya tsada suna iya kwaikwayon tudu, wasu har girgizar duwatsu suna yi, amma babu wadda za ta kayar da kai, don haka babu wadda za ta koya maka yadda ba za ka faɗi ba.

Tarihin waɗanda suka fito daga ɗaka zuwa hanya ya nuna haka ta fuska biyu. Jay Vine, shi ma ɗan Ostareliya, ya samu kwantiragin ƙwararru ne bayan ya ci gasar neman gwanaye ta Zwift a 2020, kuma a 2022 ya lashe zango biyu a babban tseren Sifaniya, Vuelta, dukansu a kan duwatsu, inda ƙarfin ƙafa da rashin nauyi suke yanke hukunci. Amma da ma yana tsere a waje a ƙasarsu kafin nan. Jason Osborne na Jamus, wanda ya ci gasar duniya ta ɗaka ta farko a 2020, asalinsa ɗan tseren kwale-kwale ne mai lambar azurfa ta Olamfik. Ƙarfi kam ba a magana. Ya shiga ƙungiyar ƙwararru ta hanya, bai yi fice irin na ɗaka ba, a 2024 ya koma inda ya fi wayo, ya sake cin kambin duniya a Abu Dhabi.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne tafiya cikin taro. Da gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a, mafi yawan ƙarfin mahayi a ture iska yake ƙarewa, kuma abin ba a hankali yake hawa ba: ninka gudu sau biyu yana neman ƙarfin ture iska sau takwas. Wanda ya manne a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Amma mannewar tana nufin tayarka tana tazarar tafin hannu da ta na gabanka, a guje, da mutane dama da hagu. A allo ɗan hotonka yana ratsa ta cikin na wani ya wuce lafiya.

Wa ke bukatarsa a nan?

Ba manomi ba, ba mai kai kifi daga bakin dam ba, ba ɗalibin da ke feda zuwa makarantar sakandare ba. Waɗannan sun wuce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take nema, wato minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, tun kafin Laraba.

Masu bukatarsa su ne waɗanda hanya ta rufe musu. Na farko matan aure. Yarinya takan hau keke zuwa makaranta ko aike, amma da an ɗaura aure shi ke nan, kuma babu mai tsammanin ganin uwargida tana feda a titin Rogo. Injin niƙa ya karɓe daka, wanda alheri ne, sai dai ya tafi da wani motsin da jiki ya saba. Keken da ke kafe a tsakar gida ba ya neman izinin fita, ba ya neman mayafi, ana iya hawansa tuwo yana kan wuta. Sai ma'aikacin sakatariya da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune, wanda likita ya ce masa suga ya hau ko jini ya hau, shi kuma yana ganin girmansa ya wuce a gan shi a kan keke, kada a ce karayar arziki ce. Sai mai ciwon gwiwa da mai murmurewa daga shanyewar ɓarin jiki, waɗanda keken da ba ya faɗuwa shi ne daidai da su. Ba banza ba ake samunsa a sashen gashi na manyan asibitoci. Irin waɗannan su fara jin ta bakin likita kafin su hau.

Akwai kuma lokutan da ɗaki yake fin hanya ga kowa. Ranar da hazo ya sauko har ba a hango bishiyar da ke gaba, mai asma ba shi da abin nema a waje. Da azumi, lokacin da jiki yake da ruwa shi ne bayan tarawi, lokacin kuma hanya ba fitila. Batun hatsari ma ba ƙarami ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Wanda ya taɓa jin iskar tirela ta ture shi gefen kwalta ba ya bukatar rahoto.

Ga waɗannan mutane, tambayar ko keken ɗaka ya kai na hanya ba ta taso ba, tunda na hanyar ba ya cikin zaɓinsu. Kuma ba sa bukatar Zwift, wadda kuɗinta ya kai kusan dala 20 a wata a 2024, ban da na'urar ɗaruruwan daloli da data da wuta, a jihar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 71,000 a 2024. Na gwanjo mai maɓallin murɗawa, irin wanda ake jerawa a bakin titi a Kano, ya wadatar. Abokin gabansa ɗaya ne, gundura. Gidaje da yawa a birni suna da irinsa a lungu an rataye masa tawul da sallaya. Waɗanda suka ɗore su ne masu haɗa shi da wani abu: labaran rediyo na safe, karatun Alƙur'ani a waya, ko kishiya da ke jiran a sauka ita ma ta hau.

Saura matashin da yake kallon tsere a waya yana jin shi ma zai iya. Ba mafarkin banza yake ba. Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku da kyautar koriyar riga a Tour de France ta 2024. A Satumbar 2025 aka yi gasar duniya ta hanya a Kigali, karo na farko a Afirka. Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Paris a 2024, har tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga tseren zagayayyen fili. Abuja tana da irin wannan filin tun wasannin Afirka na 2003. Burkina Faso kuwa, mai zafi irin namu da jar ƙasa irin tamu, tana shirya Tour du Faso tun 1987, kuma 'yan ƙasar sun sha cinye shi.

Na'urar ɗaka za ta iya yi wa wannan matashin amfani guda: ta ba shi lamba. Wat nawa yake fitarwa na minti 20, a kan kilo nawa na jikinsa, lamba ce da mai horarwa a ko'ina a duniya zai karanta ya gane. Guda ɗaya tak a cibiyar matasa ko wata makaranta ta isa a auna samarin ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Amma hanya yana da ita, zafi ya saba da shi, yashi ya ƙware. Abin da ba shi da shi shi ne mutum ashirin da za su yi gudu tare da shi kafaɗa da kafaɗa. Wannan kuwa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Safiyar Asabar ce ta hunturu, daga ƙofar fadar Karaye zuwa Rogo a dawo, da jami'an kiyaye haɗurra a gaba da baya, da jarkokin ruwa a ƙauyukan hanya, da wani mai hali da zai sa buhun taki a matsayin kyauta. A raba aji biyu, masu giya daban, masu Finis daban. Idan da ni za a yi shawara, a ƙara na uku na masu ɗaure buhu a kariya, a ga ko masu giyar za su yarda su shiga.